Wata talatin da ɗaya a Farin Gada: yadda na nemi lasisin ba da shawara kan zuba jari

Hajiya ta ɗora yatsa a tsakiyar shafi na biyu, ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, nan fa? Daga Janairun 2010 zuwa Yulin 2012, ina ka shiga?"

Na ce ai na rubuta. Abin da na rubuta ɗin kuwa kalma biyu ce da Turanci, wai ina harkokin ƙashin kaina. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. "Harkar me? A wane gari? Wa zai shaide ka? In ka kai musu haka, ko dai takardar ta dawo maka, ko su bar ka sai ka zauna gaban kwamiti sannan su tambaye ka. A nan kuwa harshe ke harɗewa."

A farkon 2019 ke nan, a ofishin wani kamfanin sarrafa jari da nake wa aiki a Abuja. Hajiya ce jami'ar da ke lura da bin ƙa'idoji a kamfanin, duk takardar da za ta tafi Hukumar SEC, wato hukumar da ke kula da kasuwar hannayen jari, sai ta bi ta hannunta. Ta san na ƙudurta ajiye aiki in tsaya da ƙafata a matsayin mai ba da shawara kan zuba jari, shi ya sa na roƙe ta ta duba min takarduna kafin in miƙa. Na ɗauka aya da waƙafi za ta gyara min. Sai ga shi ta nufi daidai wurin da na kusa shekara bakwai ina kewayewa.

A ƙasar nan, wanda zai mayar da ba wa mutane shawara kan hannun jari da takardun lamuni sana'a, yana karɓar lada a kai, dole ya yi rajista da SEC. Dokar da ke aiki a lokacin ita ce ta zuba jari da hannayen jari ta 2007. Hanya biyu ce: ko ka kafa kamfani, ko ka shiga da sunanka kai kaɗai. Na kamfani ana neman jarin naira miliyan 5, na mutum ɗaya miliyan 2. Ka kwatanta da kamfanin dillancin da ke saye da sayarwa wa kansa da wa jama'a, wanda ake nema wa miliyan 300, ko mai juya kuɗin mutane da ake nema wa miliyan 150. Tazarar ba ta rasa dalili: mai ba da shawara ba ya riƙe kuɗin kowa, bakinsa da sunansa su ne hajarsa. Waɗannan alƙaluman na wancan lokacin ne, mai niyya yau ya shiga shafin hukumar ya duba abin da ake nema yanzu.

Miliyan biyun ba ta tayar min da hankali ba, na tara ta. Fom ɗin da ake kira SEC 2 ma cikewa ne kawai. Takardun makaranta, takardar hidimar ƙasa, hotuna, adireshin wurin da ka bari na ƙarshe, sunan bankinka, mutanen da za su tsaya maka, rantsuwar cewa za ka bi ƙa'idojin hukuma ka kuma riƙa adana bayanai, duk waɗannan aikin ƙafa ne da haƙuri. Layi ɗaya ne ya tsaya min a wuya. An ce ka jero tarihinka tun daga sakandare har ranar da kake rubutun, da kwanan wata, kuma duk giɓin da ke tsakanin karatu da karatu ko aiki da aiki sai ka yi bayaninsa.

Giɓina wata talatin da ɗaya ne. Amma ba zai fahimtu ba sai na koma baya.

A Gangare aka haife ni, cikin garin Jos. Na karanta tattalin arziki a Jami'ar Jos, na gama a 2003, na yi hidimar ƙasa, sannan a 2005 wani banki ya ɗauke ni aikin talla a reshensa na Jos. Lokacin ne Farfesa Charles Soludo yana gwamnan Babban Banki ya ce kowane banki sai ya mallaki jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka narke suka koma 25. Don su cika sharaɗin, sannan daga baya don su zarce juna, bankuna suka fito suna sayar wa jama'a hannun jari. Wanda bai ga 2006 da 2007 ba zai yi zaton ƙari nake yi. Fom ɗin sayen hannun jari ya shiga kasuwa, ya shiga tasha, ya shiga gidan biki. Malamin makaranta da ɗan kanti da mai sayar da taya kowa na maganar nawa ya saya, nawa ya koma. Mu kuma ma'aikata an yanka mana adadin da kowa zai kawo, ranar Litinin da safe a karanta sunaye, wanda ya gaza ya sha kunya a gaban 'yan uwansa. In ka cika, akwai ɗan abin da ke biyo baya.

Kawuna, yayan mahaifiyata, dillalin dankalin turawa ne da kayan gwari a kasuwar Farin Gada. Yana ɗauko kaya daga Bokkos da Mangu yana turawa Kano da Abuja da kudu, kuma kullum kukansa kuɗin mota. Ya shekara yana tara naira miliyan biyu da rabi don ya sayi motar ɗaukar kaya, kanta, tasa ta kansa. A ƙarshen 2007 na je na same shi bayan la'asar, da fom a aljihu. Na ce masa ya jinkirta sayen motar wata shida, kuɗin zai ninka, ya sayi biyu.

Tambaya biyu ya yi min, har yau ina jin su. Ta farko: "Ɗan nan, babu kuɗin ruwa a ciki?" Na ce ai ciniki ne, ka saya da araha ka sayar da tsada, kamar dankali. Ban ce masa kamfanin da zai mallaki yankinsa banki ne mai cin kuɗin ruwa ba, na bar maganar ta wuce ta gefe. Ta biyu: "Kai mene ne naka a ciki?" Na ce babu komai, alheri kawai nake so masa. Alhali kuɗinsa kaɗai ya cike min fiye da rabin abin da aka yanka min na watan.

A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Najeriya ya haura 66,000, darajar kasuwar ta kai wajen naira tiriliyan 12.6. Daga nan sai gangara. Shekara guda bayan haka ma'aunin yana wajen 20,000. Masu jari na waje sun kwashe kuɗinsu sun tafi saboda rikicin tattalin arzikin da ya taso daga Amurka, ga kuma bashin da bankuna suka riƙa ba mutane don su sayi hannun jari, wanda da farashi ya karye ya zama dole a yi ta sayarwa, sayarwar kuma ta ƙara karya farashin. Shi Kawu ko damar gudu bai samu ba. A wancan zamanin takardar shaidar mallaka ake aiko maka, sai ta iso, a tantance sa hannu, a shigar da ita asusun CSCS, ma'ajiyar hannayen jari ta na'ura, sannan dillali ya iya sayarwa. Kafin tasa ta iso hannunsa ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada.

Ranar 14 ga Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gaji Soludo, ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba musu naira biliyan 420. Kafin shekarar ta fita an fara sallamar ma'aikata a bankuna da dama, ni ma a Disamba aka miƙo min tawa takardar. Ban gama shanye wannan ba rikicin Janairun 2010 ya ɓarke a Jos, aka sa dokar hana fita, gari ya ƙara rabewa gida biyu. Ba wurin neman aiki, ba kuɗin barin gari.

Kawu ne ya aiko a kira ni. Na tafi ina jiran faɗa. Sai ya miƙo min wani littafi mai baƙin bango da biro, ya ce, "Tun da ka iya lissafi, zauna nan." Bai ɗaga maganar motar ba, ranar ko bayanta. Na fi son a ce ya zage ni.

To a nan na yi wata talatin da ɗaya. Asuba cikin sanyin Jos mai shiga ƙashi ina tsaye ana sauke buhuna, ina rubuta na wane ne, nawa ne, wa ya biya, wa ya ci bashi. Wanda ya saba da taye da na'urar sanyaya ɗaki, ga shi da rigar sanyi mai ƙamshin albasa. In na hango tsohon abokin aiki ya shigo sayayya sai in sunkuya kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin benci. Abin da ban lura ba sai daga baya shi ne, a rumfar nan na fara ganin yadda dillanci na gaskiya yake. Kawu ba ya ɓoye la'adarsa. Mai kaya ya san nawa zai cire a buhu, mai saye ma ya sani. In dankali ya fara ruɓa a ƙasan buhu zai faɗa wa mai saye kafin a ɗora a mota, don ya san mutumin zai dawo mako mai zuwa. Dillalin da aka kama yana ci ta gaba yana ci ta baya, ba kotu ake kai shi ba, mutane ne kawai ke daina tsayawa a rumfarsa.

A Yulin 2012 na samu aiki a Abuja a wani kamfanin kula da kuɗin fansho, bayan shekara uku na koma kamfanin su Hajiya. A tsakanin nan na rubuta jarrabawar Cibiyar Dillalan Hannun Jari, CIS, wadda doka ta kafa a 1992, karatun dare bayan an taso aiki an sha cunkoson Nyanya. Duk inda na nemi aiki kalma biyun nan nake sa wa a kan shekarun Farin Gada, ba wanda ya taɓa tsayawa a kansu.

Abin da ya sa na so fita in tsaya ni kaɗai kuwa sukuk ne, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci da ake biyan mai ita kuɗin haya maimakon kuɗin ruwa. A Satumban 2017 Ofishin Kula da Basussuka ya fitar da sukuk na farko na gwamnatin tarayya, naira biliyan 100, na shekara bakwai, don gina hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar, ana biyan kuɗin haya kashi 16.47 cikin ɗari a shekara, kuma da naira 10,000 ma mutum na iya shiga. Nan da nan 'yan kasuwar Wuse da muke salla tare suka fara tare ni: halal ne? Gwamnati za ta biya? In na matsu kafin shekara bakwai fa? Mutanen nan ba su manta MMM, tsarin damfarar nan da ya tsaya cik a Disambar 2016 ba, manyansu kuma ba su manta 2008 ba. Suna son wanda zai zauna da su da Hausa ya faɗa musu gaskiya. Ni kuma a matsayina na ma'aikaci hajar kamfaninmu aka ɗauke ni in tallata. Na taɓa tafiya a kan wannan hanyar, na san inda take kaiwa.

Hajiya ta saurari labarin nan duka ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "To mene ne abin kunya a nan? Sata ka yi? Rubuta shi yadda yake. Kuma ka je ka karɓo wasiƙa daga hannun Kawun naka, tun da rumfar dankali ba ta da sashen kula da ma'aikata."

Ranar Asabar na kama hanya, Keffi, Akwanga, Hawan Kibo, na isa Jos da azahar. Na tarar da shi a rumfa, ya ƙara tsufa, kantar da ya saya daga baya da guminsa tana fake a gefe. Bayan gaisuwa na yi masa bayani: gwamnati ce ke son shaida cewa na yi aiki a wurinsa. Ya ce a kira ƙaramin ɗansa da ya gama sakandare ya zo da takarda. Shi yana faɗa da Hausa, yaron yana juyawa zuwa Turanci.

"Rubuta. Wannan ɗan ƙanwata ne. Ya riƙe min littafi shekara biyu da wata bakwai, ko sisi bai ɓace ba." Yaron ya rubuta. Na fara murmushi. Sai Kawu ya ci gaba: "Rubuta kuma, kafin nan ya taɓa ba ni shawara na sa kuɗin mota a hannun jari, kuɗin ya narke."

Na ce, "Kawu, wannan ba sai an sa ba, shekarun da na yi a nan kawai suke tambaya."

Ya dube ni. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ranar ce ya fara ambatar maganar. "Ba ka ce aikin da kake nema na ba wa mutane shawara ba ne a kan kuɗinsu? To ni ne mutum na farko da ka ba wa. In ba su ji daga bakina ba, daga bakin wa za su ji?" Ya juya wurin yaron: "Ƙara da cewa bai gudu ba." Ya karɓi biro ya sa hannu da ajami.

A mota ina dawowa na karanta wasiƙar ta fi sau goma. Ba wanda zai sani in na cire ta na rubuta bayanin giɓin da kaina a layi biyu. Wajen Akwanga na ninke ta na sa a cikin fayil ɗin tare da sauran takardun. Ba zan ce jarumta ba ce. Tsoron Hajiya ma ya taimaka, don na san za ta tambaya.

Sauran matakan sun tafi yadda aka tsara su. Na yi rajistar sunan kasuwanci a Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, na biya kuɗaɗen da ake biya ta Remita, na je gaban kwamishinan rantsuwa. Tantancewar 'yan sanda daga ofishin SEC ɗin ake fara ta, dogon benen nan da ke tsakiyar Abuja a titin Samuel Adesujo Ademulegun, ka je da hotunanka, a ɗauki zanen yatsunka a bincika ko kana da tabon laifi. Jinkirin da na samu ni na jawo shi: ɗaya daga cikin waɗanda na sa su tsaya min ya canza wurin aiki, ni kuma tsohon adireshinsa na rubuta, saƙon da aka aika masa ya yi ta yawo. Mako biyar wannan sakacin ya ci min. Mai shirin nema ya kira mutanensa tukuna, ya tabbatar da inda suke, ya kuma gaya musu za a tuntuɓe su.

Sai horon share fage da jarrabawa, wanda cibiyar horaswa ta hukumar, NCMI, ke gudanarwa. Na shiga da girman kai, ina ganin mai takardar CIS me za a koya masa. Lissafin kam ban ji sabo ba. Amma yawancin abin da aka dage a kai ba lissafi ba ne: dokoki ne, da sanin wanda kake hulɗa da shi, da hana halatta kuɗin haram, da abin da za ka yi in amfaninka ya ci karo da na wanda kake ba wa shawara. Da malamin ya zo kan wajibcin bayyana wa mutum duk wani lada da kake samu daga abin da kake ce masa ya saya, sai na ji kamar rumfar Farin Gada ake karantawa da Turanci. Haka ma batun dacewa: ba kowace haja ce ta dace da kowa ba, kuɗin da mutum zai buƙata nan da wata shida ba a kai shi inda farashi ke hawa da sauka. Da na san wannan a 2007, ko in ce da na yarda in sani, da Kawu ya sayi motarsa a shekarar.

Ranar ganawa da kwamiti na sa farar shadda, na isa tun kafin a buɗe ƙofa. Muna da yawa a zaune, yawanci waɗanda kamfanoni suka turo ne, kowa na ta bitar takardu kamar 'yan firamare. Da aka kira ni, tambayoyin farko na aiki ne. Mene ne bambancin mai ba da shawara da mai juya jari? Na ce na farko yana nuna hanya ne, mai kuɗi ya yanke hukunci ya biya ta hannun dillali ko kamfani mai rajista, na biyu kuwa shi ake danƙa wa kuɗin. Wani ya ce, to ga Alhaji ya zo ofishinka da miliyan goma a jaka, ya ce ya yarda da kai, ka ajiye ka saya masa duk abin da ka ga dama. Na ce ba zan karɓa ba, rajistar da nake nema ba ta ba ni wannan ikon ba. Ya ce in ya nace fa, kuma ya ƙi faɗin inda kuɗin ya fito? Na ce wannan ya zama abin kai rahoto ga sashen NFIU mai bin diddigin hada-hadar kuɗi. Aka tambaye ni inda mai ƙorafi zai bi, na ce ya fara da wanda ya yi masa laifin, in bai gamsu ba ya zo hukuma, akwai kuma kotun musamman ta harkokin zuba jari, IST.

Sannan wata mata da tun shigowata ba ta ce uffan ba ta ɗago wasiƙar Kawu. Ta karanta layin motar a bayyane. Ɗakin ya yi tsit. Ta ce, "Me ya faru?"

Na faɗa mata. Na ce faɗuwar kasuwa ba laifina ba ne, ta faɗo wa kowa. Nawa laifin uku ne: na sa mutum ya zuba duk abin da ya mallaka a wuri ɗaya, na kauce wa tambayarsa ta addini alhali na san amsar, na kuma ce ba ni da komai a ciki alhali ina da shi. Ta ce, yau in ya sake zuwa da kuɗin mota fa? Na ce zan ce masa ya je ya sayi motarsa. Wani a gefe ya yi dariya. Ita ba ta yi ba, ta rubuta wani abu ta ce za a tuntuɓe ni.

Na fito ina da yaƙinin na kashe kaina da bakina. Na kira Hajiya, ta ce in je in ci abinci in daina surutu.

Bayan wasu makonni wasiƙar amincewa ta fito. Daga ranar da Hajiya ta ɗora yatsa a shafin nan zuwa ranar, wata takwas ne.

Mutane kan ɗauki lasisin nan fiye da abin da yake, har da wasu masu riƙe da shi. Ba ya nufin shawarata ba za ta kuskure ba, ba kuma alkawari ba ne cewa gwamnati za ta biya wanda ya yi asara. Abin da yake nufi shi ne an san sunana, an san inda nake, an bi tarihina, kuma akwai inda za a kai ƙarata a hukunta ni. Sunan duk mai rajista yana cikin jerin da ke shafin SEC na intanet, da irin aikin da aka yarje masa. Wannan na biyun shi mutane ke tsallakewa. Takardar CAC shaidar kafa kamfani ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce, amma ita 'yan damfara suka fi ɗagawa a Facebook da WhatsApp. Ko mai rajistar SEC ɗin ma, in ta ba da shawara ce da shi, ya ce ka turo kuɗi asusunsa, ya fita daga huruminsa. Sabuwar dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Maris 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin da ka iya kai shekara goma, ko duka biyun, ga masu shirya tsarin nan na a biya na farko da kuɗin na baya. Wata guda bayan haka CBEX, wani dandalin zuba jari na intanet, ya rufe da kuɗin jama'a. Wayata ba ta huta ba a makon, kuma kusan duk wanda ya kira bayan ya riga ya zuba ne.

Takardar ba a rataye ta a manta ba. Tun 2021 ana sabunta rajista duk shekara, yanzu kafin ƙarshen Janairu, ga rahotannin da ake turawa. Ni kuma na ƙara wa kaina wata ƙa'ida: duk wanda ya zauna a gabana, kafin mu taɓa maganar sukuk ko takardun lamuni ko hannun jarin da aka tace bisa shari'a, sai na ba shi takarda guda da Hausa mai ɗauke da nawa zai biya ni, da kuma cewa ba na karɓar komai daga kamfanin da zan ambata masa. Wasu na ganin tsada, su tafi wurin mai ba da shawara kyauta. Ba na hana su, na taɓa zama shi.

Da sallar layya ta 2019 ta wuce da 'yan watanni na ɗauki wasiƙar hukumar na kai wa Kawu. Ya juya ta gaba da baya, ya sa yaron ya karanta masa. Ya ce, "In ka sake ba da shawara kuɗi ya narke, su ne za su biya?" Na ce a'a. Ya ce, "To." Ya tashi ya shiga cikin rumfa, ya daɗe yana bincike a akwatin ƙarfe, ya fito da wata leda. Takardar hannun jarin 2007 ce, ta yi ja, gefenta ya ɗan ci ruwa. Ya ji a rediyo ana cewa akwai ribar hannun jari da masu ita ba su karɓa ba, yana so in duba ko yana da wani abu.

Na ce zan duba sunansa, in akwai za a cike fom a banki a haɗa da lambar BVN ɗinsa, kuɗin ya riƙa faɗawa asusunsa kai tsaye. Na gaya masa kada ya sa rai da abu mai yawa.

Ya ce, "Na ji. Nawa ne la'adarka?"

Na ce haba Kawu. Ya ce shi ba ya son aikin kyauta, ya ɗanɗana ya ji. Na faɗi kuɗi. Ya ce ya yi yawa. Muka tsaya a rabi, ya sa yaron ya rubuta a baƙin littafin.